RA'AYINMU: Kafin A Sayar Da Fadama Don Karatun Waje

KOWACE shekara idan damina ta yi nisa, abubuwa biyu ne kan hana iyaye barci a ƙasar Haɗeja. Na ɗaya shi ne kogi, ko zai tsaya a bakinsa ko kuwa zai haura ya cinye shinkafa kamar yadda ya yi a 2020 da 2022. Na biyu kuwa sakamakon jarrabawar yara, domin a daidai wannan lokaci ne hukumar WAEC kan saki nata, NECO ta biyo baya, alhali makin JAMB ya riga ya iso tun farkon damina. Daga nan sai lissafi ya tashi a gidaje, daga cikin garin Haɗeja har zuwa Auyo, Kafin Hausa, Malam Madori, Kirikasamma da Guri. Wanda ɗansa ya ci maki mai yawa yana ganin makarantun gida sun yi masa kaɗan. Wanda ɗansa ya gaza kuma yana neman hanyar da za ta kauce wa JAMB gaba ɗaya. Dukansu biyu ido ɗaya suke ɗagawa, wato ƙasashen waje.

A wannan lokaci ne kuma dillalan makarantu kan fito kamar fara. Takardunsu na yawo a tashoshin mota, saƙonninsu na shigowa ta waya, kowa na cewa yana da jami'a a hannu wadda ba ta tambayar JAMB, ba ta yajin aiki, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Mun ga ya zama wajibi mu yi magana a wannan fili, domin abin da ake sakawa cikin wannan ciniki ba ƙarami ba ne. Gonar fadama ce ta gado, ko kuɗin sallamar aikin shekara talatin da biyar, ko jarin shago, wani lokaci ma har da gudummawar da 'yan'uwa suka tara a majami'a. Matsayinmu a taƙaice shi ne: neman ilimi a waje abu ne mai kyau, amma maki shi kaɗai ba ya zaɓar wa yaro makaranta. Sai an haɗa shi da ƙarfin aljihu, da darajar takardar da za a dawo da ita, da halin da ƙasar take ciki.

Bari mu fara da makin kansa, tun da shi ne ake ta gardama a kai. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana gwada yaro a darussa huɗu, Turanci da wasu uku, jimillar maki 400. A sakamakon farko da ta fitar a 2025, cikin yara fiye da miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. A wannan shekarar ce kuma shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya nemi gafara saboda matsalar na'ura da ta shafi yara kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Saboda haka uban da ɗansa ya kawo 180 kada ya ɗauka duniya ta tashi, domin a tsakiyar jama'a yaron yake. Haka kuma wanda 'yarsa ta kawo 290 ya gode wa Allah, amma ya sani cewa wannan maki kuɗin gida ne, a kasuwar gida ake kashe shi. Jami'o'in waje ba su cika tambayarsa ba, kuma amfaninsa na shekara ɗaya ne tak.

Abin da makarantun waje suka fi dubawa shi ne takardar WAEC ko NECO, wadda darajojinta suka tashi daga A1 zuwa F9, C6 kuma ita ce ƙarshen kiredit. Kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi su ne ƙofar farko. Amma akwai abin da dillalai ba su cika faɗa ba. Yaron Ingila yakan yi shekara 13 a makaranta kafin jami'a, namu kuwa 12, shida a firamare, shida a sakandare. Don haka jami'o'in Ingila da yawa ba sa ɗaukar mai WAEC kai tsaye zuwa aji ɗaya, sai ya yi shekarar share fage, ita ma da kuɗinta cif. Digirin da aka ce maka na shekara uku ne ya koma huɗu ke nan tun ba a fara ba. Hukumar UCAS da ake bi ta hannunta wajen neman gurbi a can tana ba yaro damar zaɓi biyar ne kawai, mai neman likitanci kuwa huɗu, kuma shi da mai neman Oxford ko Cambridge sai sun miƙa takardunsu a tsakiyar Oktoba, kusan shekara guda kafin fara karatu.

Sai jarrabawar Turanci. Wadda aka fi sani ita ce IELTS, mai matakai har 9, kuma yawancin jami'o'i 6 ko 6.5 suke nema ga mai digirin farko. Sakamakonta yakan yi amfani na shekara biyu ne, saboda haka wanda ya yi gaggawar zaunawa tun bai san inda ya dosa ba, ya yi asarar kuɗinsa. Wasu makarantu suna karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC a madadinta. A rubuta wa makarantar a tambaya tukuna, domin matambayi ba ya ɓata.

Masu hangen Amurka kuma su san jarrabawar SAT, wadda makinta ya tashi daga 400 zuwa 1600, rabi na karatu da rubutu, rabi na lissafi, kuma tun 2023 da kwamfuta ake yin ta a ƙasashenmu. A lokacin annobar korona jami'o'i da dama sun ɗage sharaɗinta, amma MIT ta dawo da shi a 2022, Harvard da Yale da wasu suka bi sahu a 2024 wajen sake neman makin jarrabawa. Abin amfani a nan shi ne jami'o'in Amurka sukan buga iyakar makin da yawancin waɗanda suka ɗauka suka samu. A manyan nan da muka ambata makin yakan haura 1500, kuma duk da haka Harvard ba ta ɗaukar ko da biyar cikin ɗari na masu nema. Yaron da ya samu 1150 ya yi ƙoƙari ƙwarai, akwai kuma makarantu masu kyau da za su karɓe shi hannu biyu, amma idan ya zuba dalolin cike takarda a waɗancan manyan, sadaka ya yi musu.

To, yaya ake amfani da maki? Masuncin Kogin Haɗeja ba ya jefa koma sai ya san inda ruwa yake da zurfi da inda kachala ta toshe. Haka ya kamata yaro ya yi da makinsa. Ya ɗauki takarda ya kasa makarantu kashi uku. Kashi na farko, ɗaya ko biyu da suka ɗan fi ƙarfin makinsa, don gwada sa'a. Kashi na biyu, biyu ko uku waɗanda makinsa ya yi daidai da na waɗanda suka saba ɗauka, a nan ne zai sa yawan ƙarfinsa. Kashi na uku, ɗaya ko biyu da ya tabbata za su ɗauke shi, kuma iyayensa za su iya biya ba tare da bashi ba. A ganinmu, cikin wannan kashi na uku dole ne a sami jami'ar gida. Kada a saki gurbin da JAMB ta bayar saboda wasiƙar da ba ta iso ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Har ila yau muna jan kunnen iyaye game da makin saye. Kowa ya san akwai wuraren da ake biya a rubuta wa yara amsa. A1 ɗin da aka samu ta wannan hanya tana iya buɗe ƙofar jami'a a waje, amma ba za ta zauna aji a madadin yaro ba. Idan ya faɗi a shekarar farko, kuɗin shekarar ya tafi, izinin zama ma yana iya tafiya. Maki na gaskiya, ko da kaɗan ne, shi ne ke gaya wa uba inda ɗansa zai iya tsayawa da ƙafarsa.

Bayan an daidaita maki da makaranta, akwai tambayoyi uku da muke roƙon kowane gida ya amsa kafin a fitar da ko sisi.

Tambaya ta farko: idan yaro ya dawo da takardar, Najeriya za ta karɓe ta? A Disamba 2023 wani ɗan jarida mai suna Umar Audu ya bayyana a jaridar Daily Nigerian yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A Janairu 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, a watan Agusta na shekarar kuma ministan lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun jabu fiye da 22,000 daga ƙasashen biyu, ya kuma ce jami'o'i takwas kawai gwamnati ta amince da su a can. Abin baƙin ciki shi ne hukuncin ya shafi har yaran da suka je suka zauna aji da gaske a makarantun da ba sa cikin jerin. Duk wanda ya yi karatu a waje sai ma'aikatar ta tantance takardarsa kafin hukumar NYSC ta karɓe shi, kuma za a duba fasfonsa a ga shigarsa da fitarsa.

Ga masu aikin likita abin ya fi haka tsanani, domin sai sun ci jarrabawar Hukumar Likitoci ta Ƙasa, wato MDCN, kafin su taɓa majiyyaci. A wadda aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a tsakiyar 2023, kimanin rabin waɗanda suka zauna ne suka faɗi. Wanda ya karanta shari'a a waje ma sai ya yi ƙarin zango a Makarantar Horar da Lauyoyi. Don haka kada a tsaya ga bakin dillali, shi da makarantar ke biyan la'ada a kan kowane kai. A je ma'aikatar ilimi ko hukumar da ke kula da sana'ar a tambaya da baki. Zuwa da kai ya fi aike.

Tambaya ta biyu: kuɗin zai kai har ƙarshe? A nan ne yawancin gidaje ke faɗuwa, domin lissafin shekara ɗaya suke yi alhali tafiyar ta shekara huɗu ce zuwa shida. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500. Mu ɗauki misalin makarantar da ke karɓar dala 5,000 a shekara. Uban da ya tanadi naira miliyan 2.3 ya wayi gari ana binsa miliyan 7.5, ba tare da makarantar ta ƙara ko kwabo ba. Wannan shi ne ya faɗa wa ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila a Mayu 2024, inda aka umurci wasunsu su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. Kuma kuɗin makaranta ɓangare ɗaya ne kawai. Kanada ta ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna na ci da sha daga dalarta 10,000 zuwa 20,635 a Janairu 2024. Jamus, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, ta sa sharaɗin ajiye Yuro 11,904 na shekara guda daga Satumba 2024.

Manomin fadama ya fi kowa sanin cewa ba kowace shekara ake cika rumbu ba. Wanda ya dogara ga shinkafar damina da alkamar rani don biyan dala, ya tambayi kansa: idan ambaliya ta ci gonar bana, wa zai biya zangon baɗi? Idan kuwa gonar ce aka sayar don kuɗin shekarar farko, me za a sayar a ta biyu? Yaron da ya dawo a aji biyu ba takarda, ya tarar ba gona, ƙannensa kuma an cire su daga makaranta dominsa, wannan nauyi ne da zai ɗauka har tsufansa. Ko tallafin gwamnati ma ba a rufe ido a kansa. Ɗaliban da Gwamnatin Tarayya ta tura Rasha, Maroko, Hangare da sauransu a ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ilimi sun yi watanni ba alawus a 2023 da 2024, a 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin.

Tambaya ta uku: wane hali ƙasar take ciki, kuma ƙofarta a buɗe take? Da yaƙi ya ɓarke a Yukiren a Fabrairu 2022, dubban ɗalibanmu suka tsere ta kan iyakoki, daga baya kuma MDCN ta ce ba za ta karɓi karatun likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba. Ran 15 ga Afrilu 2023 na Sudan ya tashi, aka kwaso yaranmu ta Masar da Fot Sudan, cikinsu har da 'yan Jigawa da jihar ta tura koyon likitanci. Gwamnatin jiha ta iya nemo wa nata wasu gurabe a tsibirin Kubrus, wanda aka fi sani da Cyprus, ta kuma biya. Amma abin da gwamnati ta iya, malamin firamare ko mai shagon kayan mota ba zai iya ba. Game da Kubrus ɗin ma, a san cewa tsibirin kashi biyu ne, kuma ɓangaren arewa Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. A Agusta 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye game da tura yara can. Wanda zai tura nasa da kansa, ba inuwar gwamnati, ya yi bincike sosai.

Dokokin biza kuma suna juyawa kamar iskar bazara. Ingila ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali daga Janairu 2024. Kanada ta rage yawan ɗaliban waje a wannan shekarar. A Disamba 2025 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai. Wasiƙar samun gurbi daban, biza daban. Kada a biya kuɗin da ba a mayarwa sai an tabbatar da dokar da ke aiki a wannan rana daga ofishin jakadancin ƙasar da kansa.

Idan aka auna duk wannan, shawararmu ga yawancin gidajenmu ita ce: digirin farko a gida, na biyu a waje da kuɗin wasu. Yau ba kamar da ba ne da sai an je Zariya ko Kano. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga ta Gashuwa a maƙwabta, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura, ga Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin Haɗeja, ga kuma Jami'ar Bayero. Tun Mayu 2024 akwai rancen karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati na cikin gida. Ba mu ce makarantun nan ba su da nasu matsaloli ba. Amma yaron da ya fito da sakamako mai kyau daga cikinsu, ƙofofin tallafi da yawa na jiransa: na Chevening, wanda ke neman digiri da aikin shekara biyu, na ƙungiyar Commonwealth, na hukumar DAAD ta Jamus, da na PTDF a fannonin man fetur da makamashi. Masu hazaƙa ta musamman waɗanda iyayensu ba su da hali kuma su nemi na Gidauniyar Mastercard tun daga digirin farko. Tallafi na gaskiya ba ya bi ta hannun mai neman cin hanci.

Muna kuma so matasanmu su dubi abin da za su karanta da idon wanda zai dawo. Ba kowa ne zai zama likita ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a wannan kwari ta canja. Kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari na kukan ambaliya, wani na kukan ƙishirwa, dausayin Haɗeja da Nguru da duniya ta sani yana neman masu kula da shi, aikin noman rani na Auyo yana neman injiniyoyi. Ƙasar Holan, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana kokawa da ruwa, tana da Jami'ar Wageningen ta aikin gona da cibiyar nazarin ruwa a Delft. Yaron da ya tashi a Guri ko Baturiya, ya karanta aikin gona ko injiniyan ruwa a gida, yana da abin da zai rubuta a takardar neman tallafi wanda ɗan birni ba shi da shi, domin ya ga matsalar da idonsa.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ikilisiyoyinmu. A kusan kowace majami'a akwai malaman makaranta, ma'aikatan jinya da ma'aikatan gwamnati da suka san takarda. A kafa ɗan kwamiti na mutum uku ko huɗu da iyaye za su kai wa wasiƙar makaranta ya duba, kyauta, a asirce, kuma ƙofarsa ta kasance a buɗe ga maƙwabtanmu Musulmi, domin dillalin ƙarya ba ya tambayar addinin wanda zai cuta. Kada a sanar da gudummawar tafiyar wani yaro a gaban jama'a sai an ga amsar tambayoyin nan uku a rubuce. Iyaye kuma su daina gasa da juna, su zauna da yaro su gaya masa gaskiyar abin da ke aljihu tun kafin ya sa rai. Ku matasa, ku fara shiri tun daga aji biyar na sakandare, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya ba iyaye hikimar zaɓi, ya kuma kiyaye mana gonakinmu. Amin.